Ka zauna a ƙarƙashin dokar dillalan aiki ko ka fita? Zaɓin ɗan kwangilar kwamfuta a Birtaniya

Duk mai yin kwangilar kwamfuta a Birtaniya ta hanyar kamfaninsa na kansa ya san takardar nan. Dillalin aiki zai turo maka yarjejeniya, a ƙarshenta ya maƙala wata takarda guda ɗaya, ya ce ka sa hannu kawai, kowa ma haka yake yi. Abin da takardar ke cewa shi ne ka yafe kariyar ƙa'idojin 2003 da suka tsara yadda dillalan aiki za su tafiyar da harkarsu, waɗanda aka gina a kan dokar dillalan aiki ta 1973, suka fara aiki a watan Afrilun 2004 a Ingila da Sikotland da Wales. Sashe na 32 ne ya ba mai kamfani damar fita.

In ka zauna a ciki, abu biyu ne suka fi nauyi. Na farko kuɗinka. Sashe na 12 ya hana dillali riƙe maka haƙƙin aikin da ka riga ka yi da hujjar cewa kamfanin da ka yi wa aikin bai biya shi ba, ko kuma manaja bai sa hannu a takardar awanninka ba. A ce ka yi wata biyu kana gyara wa wani ɗan ƙaramin kamfani rumbun bayanansa, a fam 500 kowace rana, sai kamfanin ya durƙushe. Wanda yake ciki, dillali ne zai biya shi. Wanda ya fita, in yarjejeniyarsa ta ce sai an biya dillali kafin a biya shi, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Na biyu shi ne hanyar komawa ga mai aikin kai tsaye. Sashe na 10 ya taƙaita lokacin da dillali zai iya cajin kamfanin da ka yi wa aiki kuɗin ɗauke ka kai tsaye: mako 14 daga ranar da ka fara, ko mako 8 daga ranar da ka gama, duk wanda ya fi nisa. Bayan nan shi ke nan. Wanda ya fita kuwa yakan tarar da sharaɗin hana shi komawa kai tsaye na wata shida ko shekara guda a cikin takardarsa, kuma wannan sharaɗin ne dillali ke karewa tun farko, don nan ribarsa take.

To me ake samu a fita? Hujjar da aka fi ji ita ce haraji: wai fita tana nuna kai ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba, don haka tana taimakonka a kan dokar IR35, wadda ke tantance ko za a caje ɗan kwangila haraji kamar ma'aikaci. A ganina wannan hujja ba ta da ƙwari. Hukumar haraji ta HMRC yadda aikin yake gudana take dubawa: wa ke ba ka umarni, za ka iya turo wani a madadinka, wajibi ne su ba ka aiki kai kuma ka karɓa? Ga shi kuma tun Afrilun 2017 a ma'aikatun gwamnati, da Afrilun 2021 a matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu, mai aikin ne ke yanke matsayinka. Amfanin fita na gaskiya shi ne sauri. Dillali ya huta da wasu bincike da takardu, wasunsu kuma ba sa ɓoye cewa sun fi son tura sunan wanda bai da gardama. Doka ta hana su gindaya fita a matsayin sharaɗin nema maka aiki, amma wa zai tabbatar da dalilin da ya sa waya ta daina shigowa?

Akwai ƙa'idojin da ya kamata ka duba kafin ka zaɓa. Fita ba ta inganta sai kamfaninka da kai kanka duk kun ba da sanarwa, kuma kafin a gabatar da kai ko a tura ka wurin mai aikin. Takardar da aka kawo maka bayan ka riga ka fara aiki tana da rauni. Ba a fita in aikin ya shafi ƙananan yara ko masu rauni. Kana iya janye sanarwar, sai dai ba za ta yi tasiri a kan aikin da kake kai ba, sai na gaba.

Sabon shiga, ko wanda bai da ajiyar da za ta riƙe shi wata uku, ko wanda zai yi wa kamfanin da bai san ƙarfinsa ba aiki, ya zauna a ciki. Tsohon hannu da ake nema ruwa a jallo yana iya fita, amma kada ya ba da ita kyauta. Ya sa a rubuta cewa za a biya shi cikin kwana 30 ko mai aiki ya biya ko bai biya ba, a kuma rage sharaɗin hana shi komawa kai tsaye zuwa wata uku ko ƙasa da haka. In dillali ya ƙi duka biyun, ka mayar masa da takardar ba sa hannu, ka ce ya turo yarjejeniyar masu zama a ciki.