Matan Fada ko Kogin Kwara: Ina Mai Sha'awar Su Zai Nufa?

Sau da yawa ana tambayata wanne ya fi ga mai sha'awar su, wato kamun kifi, tsakanin fadamar Argungu da bakin Kwara a Yawuri.

Ta fuskar kuɗin mota, Argungu ta fi sauƙi ga wanda ya taso daga Birnin Kebbi, domin Yawuri tafiya ce ta awanni. Sai dai Matan Fada, kogin da ke Argungu, ba kullum ake shiga ba, ana killace ruwan har lokacin bikin kamun kifi da aka fara a 1934, ranar da dubban masunta ke rugawa da homa da gora, sannan a yi wasannin ruwa na kabanci har da kamun agwagwa. Masauki kuwa a makon bikin sai mai rabo.

A Yawuri su sana'a ce ta kowace rana, Sarkawa na jefa taru tun asuba, kuma giwan ruwa yana isa kasuwa da ransa. Amma ruwan yana da zurfi, akwai dorina, kuma ba a manta da kifewar jirgi kusa da Wara a 2021 ba.

Mai iyali da ke son kallo, Argungu ta dace da shi. Wanda ya iya ruwa kuma yake son koyon su, ya nufi Yawuri da rigar kariya.