Taswirar zafin ƙasa ta Landsat 8 da 9: ingancin awonta

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana bayar da taswirar zafin doron ƙasa kyauta a shafinta na EarthExplorer, kuma abin da ya sa na amince da ita shi ne yadda ake saita ma'auninta. Na'urar auna zafi ta TIRS da ke kan tauraron ɗan'adam na Landsat 8, wanda aka harba ranar 11 ga Fabrairu 2013, tana da madubi da kan juya lokaci zuwa lokaci ya kalli wani baƙin faranti da aka san zafinsa daidai, sannan ya kalli sararin samaniya mai tsananin sanyi, domin a daidaita awon tsakanin waɗannan iyakoki biyu. A doron ƙasa kuwa, masana na JPL, wata cibiyar bincike ta hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, suna gwama sakamakon da abin da na'urorinsu suka auna a Tafkin Tahoe da Tekun Salton da ke Amurka.

Irin wannan gwami ne ya tona cewa haske daga wajen inda na'urar ke kallo yana kutsowa ciki, yana sa lambobin su zarce gaskiya, musamman a zango na 11, ɗaya daga cikin zangunan haske biyu da na'urar ke auna zafi da su, har hukumar ta shawarci masu bincike da kada su dogara da shi. Gyaran lissafi ya zo a 2017, sannan aka sanya wa TIRS-2 na Landsat 9, da aka harba a Satumban 2021, garkuwar tare wannan haske. Yadda ba a rufa matsalar ba ya ƙara wa bayanan ƙima a idona.

Sai dai akwai inda suka gaza. A ainihin awon, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar fili mai faɗin mita 100 ne, ko da yake ana fitar da taswirar da ɗigo na mita 30, saboda haka kada mutum ya ɗauka zai bambance zafin rufin gida ɗaya da na maƙwabcinsa. Tauraron yana wucewa ne da hantsi, wajen ƙarfe 10, ba ya kama ƙunar azahar, kuma zafin ƙasa yake aunawa, ba na iska ba. Mai nazarin zafin birnin Kano ko ruwan Tafkin Chadi zai fi samun hotuna masu amfani a watan Maris da Afrilu, domin gajimaren damina yana ɓata awon har a wuraren da ke gefensa.