FreePBX 17 a matsayin mai amsa waya da Hausa: abin da take iyawa da inda take tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa kiran layin banki ya ji murya tana cewa a latsa 1 don kaza, 2 don kaza, ya san irin aikin da ake magana a kai. FreePBX manhaja ce ta kyauta da ke bai wa ƙaramin asibiti, makaranta, ƙungiyar manoma ko dilan kaya damar kafa irin wannan mai amsa waya da kansu, da kwamfuta ɗaya da 'yan layukan sim. Injin da ke ƙarƙashinta Asterisk ne, wanda Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999. Ita FreePBX fuska ce da ake shiga ta burauza don kada mutum ya sha wahalar rubuta fayilolin saiti da hannu. Dukansu biyu suna hannun kamfanin Sangoma na Kanada, wanda ya mallaki FreePBX a 2015, ya kuma sayi Digium, masu Asterisk, a 2018. Hukuncinmu tun da wuri: idan madannan waya za a dogara da su, tana aiki ƙwarai kuma da araha. Idan ana son mai kira ya yi magana da Hausa na'ura ta gane, da sauran tafiya.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan aiki ya daɗe yana hannun manyan kamfanoni kawai, kuma ba tsadar na'ura ba ce kaɗai. Fagen cike yake da takardun mallakar ƙirƙira. A Amurka, Ronald Katz ya riƙe takardu sama da 50 a kan hanyoyin haɗa kiran waya da kwamfuta, kuma bankuna da kamfanonin sadarwa da dama sun biya shi lasisi. Salon matse sauti na G.729 ma sai an biya, har Digium ya riƙa sayar da lasisinsa a kan kowane kira ɗaya da zai gudana lokaci guda. Wa'adin takardun G.729 ya cika a watan Janairun 2017, yanzu akwai bcg729, manhajar kyauta ta wannan salo, da kowa zai iya ɗauka. Sannan takardar mallaka a ƙasar da aka yi mata rajista take da ƙarfi. Nijeriya tana da dokarta ta 1970 mai wa'adin shekara 20, Nijar kuma tana ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde. Mai kafa wa shagonsa a Kano ko Maraɗi ba wannan ne zai hana shi barci ba. Wanda ke shirin sayar da sabis ɗin ga kwastomomi a Amurka, shi ne ya kamata ya ga lauya.

Wajen girkawa ba a shan wahala. FreePBX 17, wadda ta fito a 2024, a kan Debian 12, wani nau'in Linux, take zama: a girka Debian tsuransa, a sauke fayil ɗin girkawa na Sangoma, a bar shi ya gama. Ƙaramar kwamfuta mai RAM gigabait 4 da SSD ta wadatar da kira goma ko ashirin a lokaci guda, muddin ba a tilasta mata juya sauti daga wani salo zuwa wani a kowane kira ba. Wanda ya saba da tsofaffin bayanai a intanet ya lura cewa an cire chan_sip, tsohon sashen haɗa kira ta intanet, tun daga Asterisk 21, magajinsa PJSIP kaɗai ya rage, don haka yawancin tsofaffin misalan saiti ba za su hau ba.

Abin da ke haɗa ta da layukan waya shi ne akwatin sim, irin su Yeastar TG400 mai ɗaukar sim huɗu, ko na Dinstar. A duba harafin da ke ƙarshen sunan kafin a biya, domin akwai na 2G, akwai na 3G, akwai na 4G, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Sim ɗaya kira ɗaya yake ɗauka. Idan lamba ɗaya za a tallata, sai a saka wa sim na farko umarnin tura kira in yana kan aiki, wato **67*lambar sim na biyu#, na biyu ya tura wa na uku, haka har na ƙarshe. A kashe jiran kira da #43#, in ba haka ba mai kira na biyu zai yi ta jin waya tana ringin babu mai ɗauka. Kuɗin turawar daga sim ɗin da ya tura ake cira, kuma da zarar katinsa ya ƙare, sarƙar ta tsinke ba tare da wata sanarwa ba. Akwatin kuma na amsa kiran kwastomominka ne. Shigo da kiran ƙasashen waje ta intanet a fitar da shi ta sim kamar na gida laifi ne da hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, take farauta.

Matsalar da ta fi yawa ita ce mai kira ya latsa 2, na'ura ta yi kamar ba ta ji ba, ko ta karanta 22. Kowane madanni sauti biyu ne a haɗe, misali 1 shi ne 697 da 1209 Hz. A kiran salula zuwa salula, waɗannan sautuka ta hanyar murya suke isowa akwatin, bayan an matse su, kuma in sabis ya yi rauni sai su karye biyu ko su ɓace. Maganin farko eriya ce ta waje mai doguwar waya, a kafa ta bakin taga, kada a bar akwatin cikin kabad na ƙarfe. Na biyu, tsakanin akwatin da FreePBX a zaɓi RFC 4733 a matsayin hanyar aika madannai a ɓangarorin biyu, wanda wasu akwatuna har yanzu suke kira RFC 2833. Salon sauti kuma a bar shi alaw, wato wani nau'in G.711. G.711 yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa ta kowace fuska, G.729 kusan 31, amma a cikin ofis ɗaya wannan tsimi ba shi da amfani, ƙarin matsewa ne kawai a kan muryar da kamfanin waya ya riga ya matse.

Shafin gina jerin zaɓi shi ne inda FreePBX ta fi burgewa. Ana ɗora gaisuwa a System Recordings, a zaɓe ta a shafin IVR, wato na jerin zaɓin, a ce 1 ya je wayar akanta, 2 ya je layin jira, 0 ya je wurin mutum. Time Conditions yana sauya gaisuwar da dare ko lokacin sallar Juma'a. Cikin awa ɗaya an gama. Shawara: kada zaɓi ya wuce huɗu, a faɗi abin kafin lambar, wato "don jin farashi, latsa ɗaya", kuma in mai kira bai latsa komai ba har sau biyu, a miƙa shi ga mutum maimakon a katse. Dattijo mai ƙaramar waya sai ya ɗauke ta daga kunne, ya nemo madannin, ya mayar, don haka kada a gajarta lokacin jira ƙasa da daƙiƙa 10.

Sai dai FreePBX ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Sautukan da take zuwa da su na Ingilishi ne da Faransanci da Sifaniyanci da wasu 'yan harsuna. Dole a buɗe jaka mai suna ha a /var/lib/asterisk/sounds/, a saita harshen layin zuwa ha, a naɗi komai. Duk fayil ɗin da aka manta, Asterisk zai koma ya ɗauko na Ingilishi, sai a ji muryar Baturiya ta faɗo tsakiyar bayanin Hausa. Naɗin ya zama WAV mai 8000 Hz, bit 16, hanya ɗaya, kuma umarnin sox asali.wav -r 8000 -c 1 -b 16 gaisuwa.wav yana yin wannan juyin. A naɗa a ɗaki mai labule da katifa, fanka a kashe, janareta nesa.

Karanta lambobi shi ne aikin da ya fi cin lokaci. SayNumber, umarnin Asterisk na karanta lamba, da nahawun Ingilishi yake jera lamba, don haka ko an naɗi kalmomin da Hausa, jerin zai fito a karkace. Ana gyara wannan da dokoki a say.conf ko ƙaramin shiri ta AGI, hanyar da Asterisk ke kiran shirin da mutum ya rubuta. Fayil 25 sun isa: sifili, ɗaya zuwa goma, ashirin zuwa casa'in, sai sha, da, ɗari, dubu, miliyan da naira. Da su za a haɗa 12,350 ta fito "naira dubu goma sha biyu da ɗari uku da hamsin". Akwai tarko a nan: "dubu ɗari da biyar" a kunnen ɗan kasuwa 105,000 ce, saboda haka in 100,005 ake nufi, shirin ya ce "dubu ɗari da naira biyar". A Nijar kuma da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala sefa 5, wato sefa 100 dala ashirin ce, kuma shirin da bai raba da biyar ba zai gaya wa mai kira farashin da ya ninka na gaskiya sau biyar in aka liƙa masa kalmar dala. Yana da kyau a naɗi ɗaya zuwa tara sau biyu, na tsakiyar magana da na ƙarshe, domin murya tana sauka a ƙarshen jimla. In ba a yi haka ba, lambar za ta fito kamar kiran sunaye a aji.

Haɗa murya da rubutu yana yiwuwa, amma ba daga FreePBX kanta ba. Akwatin sim ne ke tura saƙo, sai a sa shirin AGI ya kira adireshinsa bayan mai kira ya latsa zaɓi, lambar oda ko adireshin shago ya iske shi a rubuce. A nan ƙugiyoyinmu suna da tsada. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin jerin haruffan saƙon salula na asali, kuma ɗaya tak ya isa ya mayar da saƙon daga harafi 160 zuwa 70. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a ɗaya sai ya koma uku, tunda kowane yanki na dogon saƙo 67 yake ɗauka. Lambobin USSD irin na tauraro da sauransu kuwa ba su da alaƙa da wannan manhaja, sai ta hannun kamfanin waya ko dillalinsa. Abin da take da shi mai amfani shi ne Callback: mutum ya yi filashin, ta kira shi, kuɗin ya hau kan mai ofis. A sa iyaka ga yawan kiran kowace lamba a rana, ko yara su cinye katin.

Batun lilo da murya, wato mutum ya faɗi abin da yake so na'ura ta ɗauko masa daga shafin intanet, yana da tsohon ma'auni mai suna VoiceXML. Kamfanonin AT&T, IBM, Lucent da Motorola ne suka haɗu a kansa a 1999, ƙungiyar ma'aunan intanet ta W3C ta amince da sigar 2.0 a 2004. Asterisk ba ya karanta shi, sai an ƙara manhajar wani kamfani. A aikace ba a rasa komai ba, domin AGI da takwararsa ARI suna iya ɗauko farashi ko sakamakon jarrabawa daga kowace ma'ajiyar bayanai. Inda gizo ke saƙar shi ne gane magana. Whisper na OpenAI da MMS na Meta duka suna da Hausa a jerinsu, amma a kan sauti mai 16,000 Hz aka gina su, layin waya kuwa yana yanke duk abin da ya haura kusan 3400 Hz. A can sama ne bambancin s da sh da ts da f ya fi fitowa. Ƙara hayaniyar kasuwa, da bambancin Sakkwatanci da Kananci, da jinkirin da ƙaramar kwamfuta za ta yi kafin ta ba da amsa. Za a iya gwada shi a kan i da a'a ko sunayen garuruwa goma, tare da barin madannai a buɗe. Lambar asusu ko adadin kuɗi kuwa, a latsa su.

Idan ma'aikata za su amsa daga gida ta manhajar waya, za a haɗu da kiran da ɓangare ɗaya kaɗai ke ji, ko wanda ke yankewa bayan kusan daƙiƙa 30. Kusan kullum laifin adireshi ne: ba a cika External Address da Local Networks ba, ko saitin SIP ALG, mai sauya adireshin da ke cikin bayanan kira, yana kunne a rauta, ko ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000 a rufe suke. Intanet na sim da ƙaramin tsarin Starlink ba sa ba da adireshin IPv4 na kai, don haka buɗe ƙofa a rauta ba ya haifar da komai. Hanyar da ke aiki ita ce VPN na WireGuard ta wata ƙaramar sabar haya.

Wannan ya fi aminci ma. Ƙofa 5060, wadda kira ke shigowa ta cikinta, in aka bar ta a buɗe ba ta daɗewa kafin masu laluben kalmar sirri su same ta, kuma burinsu su yi kiran ƙasashen waje da kuɗinka cikin dare. A watan Agustan 2025 Sangoma ta yi gargaɗi kan wata ɓaraka da aka riƙa kutsawa ta cikinta a na'urorin da shafin gudanarwarsu ke buɗe ga duniya. A kunna katangar tsaro da Fail2ban mai toshe masu laluben kalmar sirri, a hana duk lambar da ta fara da 00 ko 009 fita a Outbound Routes, a riƙa sabunta manhajar. Wani abin haushi shi ne tallan sassan da sai an biya da ke cike da shafin gudanarwa, alhali mai amsa waya ba ya buƙatar ko ɗaya.

Wuta: kwamfutar da akwatin da rauta ba sa wuce wat 30 zuwa 40 gaba ɗaya. Batir mai volt 12 da Ah 100, in rabinsa za a sha don kada ya mutu da wuri, yana ba da wat-awa 600, wato awa 15 zuwa 20 kafin a cire asarar inbata. Naɗar kira kuma tana cin kusan megabait ɗaya a minti, don haka a sa ta riƙa goge na sama da wata uku, kuma gaisuwar farko ta sanar da mai kira cewa ana naɗa.