Hattara da masu cewa "an daina yin irin tagarka"

Jama'a, ku jawo hankalin iyayenku, musamman waɗanda ke zaune su kaɗai a tsohon gini.

Tagar ɗakin Hajiyarmu ce ta ƙi zugewa, irin ta alminiyum ɗin nan da ake turawa gefe. Lokacin ina kan tafiya. Sai ga wani saurayi da ke zagaya unguwa da tef ɗin awo a aljihu, ya ƙwanƙwasa firam, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, ai kamfanin da ya yi wannan ya rufe tuntuni, ko a Sabon Gari ba za a samu kayanta ba. Gara a sauya duka kafin damina ta sauka." Ya karɓi kafin alƙalami, ya ɓalle tagogi 7, har da cewa zai taimaka ya kwashe mata tarkacen kada su cika tsakar gida. Ita kuwa tana ta sa masa albarka.

Ashe tarkacen ne cinikin. Tsohon alminiyum mai kauri, 'yan gwangwan a kilo suke sayensa. Abin da ya dasa mana kuma, ka matsa firam ɗin da yatsa biyu sai ka ji yana lotsawa. Gilashin da ya ce mai duhu ne, fari ne aka manna wa leda. Na sa farce a kusurwa ta ɗago. Ya ce kaurinsa milimita 5, mai gilashin da na kira ya auna, 3 ya samu.

Wannan mai gilashin ne ya buɗe min ido. Yawancin tagogin alminiyum da ke gidajenmu ba daga wani kamfani suka fito a haɗe ba. Sanduna ake sayowa, kowace kusan mita 6, mai shago ya yanka daidai awon gidanka, ya haɗa, ya sa gilashi. To wane kamfani ne ya rufe? Sunan da kake gani a jikin makulli ko mariƙi, galibi na wanda ya ƙera makullin ne kawai. Taga ta ƙi zugewa, sau da yawa 'yar tayar ƙasa ce ta cinye, ko ƙurar hunturu ta cushe layin da take bi. A ciro tayar, a je da ita kasuwa a nemo irinta.

Kafin kowa ya taɓa maka taga, ɗora mata mayen ƙarfe: in ya kama, ƙarfe ce, aikin mai walda, in bai kama ba, alminiyum ce ko roba. Duba kusurwar gilashi, wanda aka gasa don ya yi ƙarfi yakan zo da ɗan tambari a nan, kuma ba ya yankuwa bayan gashi. Duk wanda ya ce zai yanka maka irinsa a tsakar gida, ƙarya yake. A rubuta kaurin firam da na gilashi a takarda, a auna a gabanka ranar da aka kawo. Tsofaffin tagogin kuma naka ne, kada su fita daga ƙofa.

Lambar wayar saurayin nan a kashe take tun ranar da ya karɓi cikon kuɗi. Hajiya ta ce a bar shi da Allah. Daren jiya da hadari ya taso, tsumma muka cusa a gefen tagarta saboda karkarwa.