Sasantawa da Monsanto ko zuwa kotu?

Kafin Bayer ya sayi kamfanin iri na Monsanto a 2018, manomin Amurka ko Kanada da Monsanto ya zarga da shuka irinsa da aka sauya wa ƙwayar halitta ba izini, zaɓi biyu gare shi: sasantawa ko shari'a.

Yawanci sasantawa ake yi. Ka biya, ka yi alkawarin daina ajiye iri daga girbinka, ka koma gona. Da ciwo, amma ka san iyakar asararka, kuma a ganina ga ƙaramin manomi ita ce mai dama-dama.

Kotu kuwa doguwar tafiya ce. Percy Schmeiser, manomin kanola (tsiron da ake matse mai daga ƙwayarsa) a Saskatchewan ta Kanada, ya ce iska ce ta kawo irin gonarsa. An maka shi a 1998, sai 2004 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci: alƙalai 5 cikin 9 suka ce ya keta haƙƙin mallakar kamfanin, tunda ya ajiye irin ya sake shukawa. Bai biya diyya ba, saboda bai fesa wa amfanin Roundup, maganin kashe ciyawa da irin kamfanin ke jure wa, ba, balle a ce ya ci ribar fasahar. Amma shekara shida ana biyan lauya, ai ba wasa ba.

Vernon Bowman na Indiana ya fi shan wuya. Dabara ya yi: ya sayi waken soya na abincin dabbobi a rumbun 'yan kasuwa, ya shuka, ya fesa Roundup, wanda ya rayu ya mayar da shi iri. A 2013 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka baki ɗaya suka ce sayen ƙwaya bai ba shi ikon hayayyafa ta ba. Diyyar dala 84,456 ta hau kansa.