Shekara biyu ina shan lamotrigine: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Ina da baifola, ciwon ƙwaƙwalwa da ke ɗaga mutum sama cikin zumuɗi sannan ya jefa shi cikin damuwa, amma ni dai ba tashin ciwon ne ya fi wahalar da ni ba. In ya ɗaga ni sama, kwana huɗu ko biyar ne na rashin barci da surutu da shirye-shiryen da ba kai ba gindi, sai ya lafa. Faɗuwar ce ke cinye ni. Sai in yi wata biyu ko uku a kwance, wanka ma sai na yi ta ciniki da kaina, waya na ƙara ina kallonta har ta katse. Likita ya ce baifola ce, kuma a tawa ɓangaren damuwar ya fi rinjaye. Shi ya sa ya zaɓa mini lamotrigine, wanda wasu suka fi sani da Lamictal.

Asalinsa maganin farfaɗiya ne. Sai a 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa ba masu baifola shi domin jinkirta dawowar ciwon. Wato riga-kafi ne, ba na kashe gobara ba, kuma ban gane hakan da wuri ba.

Ranar da likita ya rubuta mini shi, ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "Malama, wannan ba a yi masa gaggawa. In kika ga ƙuraje, ko gyambo a baki, ko zazzaɓi, kada ki jira ranar da na ba ki, ki taho nan take." Akwai wani mugun ciwon fata, Stevens-Johnson, da yakan haddasa. Ba kasafai ba, amma yana iya kisa, kuma haɗarin ya fi yawa in aka ƙara maganin da sauri. Don haka na fara da miligiram 25 na mako biyu, sai 50 na wasu mako biyun, sai 100, sai a mako na shida na kai 200. A makonnin nan ban ji komai ba sai ciwon kai da fargaba. Kullum da safe ina gaban madubi ina duba wuya da hannuwa. Cizon sauro ɗaya ya taɓa hana ni barci.

Ban san ranar da ya fara aiki ba. Wajen wata na biyar dai na ji alamar faɗuwar ta zo, nauyin nan da na sani a ƙirji. Na jira ta kai ni ƙasa, sai ta tsaya a gwiwa. Na tashi, na yi wanka, ƙanwata ta kira na ɗaga. Kwana goma ta wuce. Bai sa ni murna ba, ramin ne kawai ya rage zurfi.

Abin da na ji daɗi: bai sa ni ƙiba ba, kuma babu yawan gwajin jini kamar na masu shan litiyam, wani maganin baifolar. Abin da ban ji daɗi ba: mafarkai barkatai, da ɓacewar kalma ana tsakiyar magana. Na taɓa riƙe cokali ina neman sunansa. Ga ɗaci in ƙwayar ta daɗe a harshe. Sannan ba shi da ƙarfi sosai wajen danne tashin ciwon, dole ni da kaina nake gadin barcina. 'Yan'uwa mata kuma, ku gaya wa likita in kuna shan ƙwayar tsarin iyali, domin mai ɗauke da sinadarin estirojin tana rage ƙarfinsa a jini.

Kuskurena mafi girma shi ne tafiyar da na yi na bar kwalin maganin a gida. Kwana shida ban sha ba. Da na dawo har na ɓallo 200 ɗin zan haɗiye, sai zuciyata ta ce in kira tukuna. Likita ya ce in ajiye ta, mu koma 25, wani sabon mako shida. Na ji haushi ƙwarai. Yanzu akwai katin ƙwaya ɗaya da ba ya fita daga jakata.