Gwajin ƙasa kafin shuka waken soya: ya biya kuɗinsa, amma da sauran gyara

'Yan uwa manoma sun yi ta tambayata a kan masu gwajin ƙasar da ƙungiyarmu ta ɗauko daga Zariya, ko aikinsu ya cancanci kuɗin da muka biya. Amsata ita ce ya cancanta, ko da yake ina da ƙorafi.

Gonata tana wajen Saminaka, jar ƙasa ce da ta sha masara shekara da shekaru. Da rani suka zo, kuma yadda suka ɗebi ƙasar ya burge ni. Yaron da ya ɗebi ƙasar bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya bi gonar a karkace yana murɗa wani ƙarfe zurfin kamar santimita 20, yana juyewa a bokitin roba. Ya kauce wa gindin ɗorawa da inda shanu suka yi makwanci, ya ce ƙasar wurin za ta nuna ƙarfin da sauran gonar ba ta da shi. Sannan ya gauraya duka ya ɗebi kaɗan a leda.

Sakamakon ya nuna ƙasar ta ɗan yi tsami, amma bai kai a zuba farar ƙasa ba. Babbar matsalar ƙarancin fosfaras ce. Shawararsu: in manta da yuriya da kamfa 20-10-10, in sayi supa, wato takin fosfaras, in zuba a gefen iri ranar shuka in rufe, domin fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan saiwa za ta same shi. Suka ƙara da cewa in cuɗa irin a inuwa da Nodumax, wani gari na cibiyar binciken noma ta IITA mai sa saiwar waken ta yi ƙullutu, in shuka a ranar.

Nan ne ribar take. Waken soya da kansa yake samo naitirojin daga iska ta hanyar ƙullutun da ke jikin saiwarsa. In ka cika masa yuriya, wadda takin naitirojin ce, ƙullutun su ragu, ganye ya yi ta yabanya, kuɗinka ya tafi a banza. Da waken ya fara fure na tuge guda, na fasa ƙullutu da farce, cikinsa ja-ja, alamar yana aiki ke nan. Irin waken da ake kira TGx 1448-2E na shuka, kwanson ya cika tun daga ƙasa. Na ɗauki buhunan da gonar ba ta taɓa ba ni ba, alhali kuɗin takin bai kai na bara ba.

Ƙorafina biyu ne. Sakamakon ya makara, sai da ruwa ya sauka har wasu suka gama huɗa, lokacin kuma supa ya yi wuya a kasuwa, ya ƙara tsada. Na biyun ya fi ci mini rai: takardar sakamakon duk Turanci ce da lambobi, babu layi ɗaya na Hausa. Wani dattijo a cikinmu ninke tasa ya yi ya sa a aljihu, ya je ya sayi kamfarsa kamar kullum. Ba don malamin gonarmu, Allah ya saka masa, ya zauna da mu ya fassara ba, da yawancinmu haka za mu yi.

Zan sake kiransu su gwada gonata ta bakin rafi, amma tun watan Janairu, kuma da sharaɗin wanda ya kawo takarda ya zauna ya yi mana bayani da Hausa.